Wa ke gaya ma Google da ChatGPT labarin garinmu?

Tambaya daga Tawa: Malam barka da aiki. Na rubuta sunan Mahamadou Issoufou a Google sai ta fiddo min shekarar haihuwa da garinsu a gefe guda. Wai mutum ne ke zaune yana cika mata ko mi?

Ɗan'uwa barka kadai. Wani ɓangaren mutane ne suka rubuta, kamar a Wikipedia, amma kwasowa da jerawa aikin na'ura ne. Akwai manhajoji da ke yawo shafi-shafi dare da rana suna kwafe rubutu, sannan wata ta bi jimlolin tana tsamo bayani. In ta ga "an haifi wane a wuri kaza" sau da yawa sai ta gane duk sunan da ya biyo baya wuri ne, to ranar da ta ci karo da "an haifi Issoufou a Dandaji a 1952" sai ta ware mutum, gari, shekara ta ajiye. Wannan akwatin na gefe Google ta fara shi a 2012.

Tun a 2010 wasu masana a jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ƙarƙashin Tom Mitchell suka saki wata manhaja mai suna NELL, aka ba ta ƴan misalai kaɗan na garuruwa da ƴan wasa da abinci aka ce je ki karanta intanet. Ta tara bayanai miliyoyi, kowane da makin yadda ta yarda da shi. Amma fa ta taɓa sa kukis ɗin intanet, waɗanda shafi ke ce maka ka amince da su, a layin biskit da burodi don a Turanci kukis sunan wani biskit ne, sai da mutane suka gyara mata. Abin da nake so ka riƙe kenan, maimaici take bi ba gaskiya ba, ƙarya in shafi ɗari suka kwafe ta sai ta samu maki mai kyau.

ChatGPT da ta fito ƙarshen 2022 ita ma daga rubutun intanet ta koya, sai dai ita harhaɗa amsa take, ko ba ta sani ba za ta faɗa da ƙarfin hali. Kuma wallahi abin na damuna, rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, na Ader, yankinmu na Tawa, kuwa ya fi ƙaranci, mu duk muryar WhatsApp muke turawa. Ka tambaye ta tarihin ƙauyenku ka kai wa tsofaffi amsar, za ka gani.

Tambaya daga Yamai: To Google ko ChatGPT na karanta saƙonnina na WhatsApp?

A'a Hajiya, waɗannan manhajojin masu yawo, shafin da yake a buɗe suke gani. Saƙon WhatsApp a kulle yake tsakaninki da wanda kika tura wa tun 2016. Amma abin da kika sa a Facebook kowa na gani, ko wanda kika kwafa da hannunki kika liƙa wa ChatGPT, wannan ya fita hannunki, kar ki sa lambar katin shaida ko ta asusu a ciki.