Me ya sa katangar Amberd ba ta miƙe ba?

Ka ce ka ga hoton Amberd, tsohon sansanin yaƙi a ƙasar Armeniya, katangarta ta karkace kamar maginan Armeniya ba su san igiya ba. Sun san ta sarai, yaro. Dubi cocin da ke gefen sansanin, wanda yarima Vahram Pahlavuni ya gina a 1026, ka ga yadda dutse ya zauna kan dutse. Hannun da ya yi wannan ba ya karkata bisa kuskure.

Wurin ne ya tsara ginin. Amberd na kan kafaɗar tsaunin Aragats, tsayin mita 2,300, a wani tsinin ƙasa inda koguna biyu suka haɗu. Kwazazzabai sun tsare gefe biyu kyauta, don haka aka zuba ƙarfin aiki a gefen da doki zai iya isowa, sauran katangar kuma ta bi bakin dutse duk inda ya lanƙwasa. Da an ja ta a miƙe, da an bar wa maƙiyi filin kafa tsani.

Yanzu ga abin da ya shafe mu, mu magina. Katangar Armeniyawa fuska biyu ce ta sassaƙaƙƙen dutse, waje da ciki, tsakiya a cika da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa. Sahu-sahu ake tashi, a jera, a cika, a ci gaba. In ya kama, sai ya zama jiki ɗaya, kuma a wurin da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce, wannan cikon shi ne ƙarfin ginin. Mai ha'inci a ciko ba a gane shi ranar biya, sai ranar da ƙasa ta motsa. Hasumiyoyin kuma ana gina su zagayayyu ne don kusurwa ce ke fara ɓallewa in an jefo dutse.

A birnin Ani, tsohon babban birnin Armeniya, inda Sarki Smbat na Biyu ya yi ganuwa biyu, ƙofar waje ba ta kallon ta ciki, kamar zauren gidanmu. Wanda ya kutso dole ya juya a matsatsi, maharba na bisa kansa.

Ruwa ma aikin magini ne. A Amberd an jawo shi ta bututun yumɓu, an yi ma'ajiya, ga ɓoyayyar hanya zuwa kogi in an toshe bututun.

Duk da haka an ci Ani da Amberd da yaƙi. Turkawan Saljuƙ sun karɓi Ani a 1064, Mongolawa suka rushe Amberd a 1236. Gobe in ka zo, za mu tashi mita guda da cikon tsakiya, ka ji nauyin aikin a hannunka.