Hukuncin sa wa abokin aiki hannu a rajista saboda halin damuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Matar abokin aikina ta rasu wajen haihuwa wata 8 da suka wuce. Tun daga nan sai ƙarfe 11 yake shigowa ofis, ya zuba wa kwamfuta ido, abincinsa ya huce a leda bai taɓa ba. Ina ɗauke masa aikinsa, ina kuma sa masa hannu a rajista da ƙarfe 8 don kada a ba shi takardar gargaɗi. Wasu na cewa rashin tawakkali ne ke damunsa. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɗauke masa aiki lada ne, babu saɓani. Allah ya saka maka.

Amma sa hannun nan ka daina daga yau. Rajista shaida ce. Ka rubuta ƙarfe 8 alhali mutum yana gida, ƙarya ce da ha'inci ga mai biyan albashi, kyakkyawar niyyarka ba ta halatta su. Ranar da asiri ya tonu kuwa ku biyu za a hukunta. Ka nemi izinin abokin naka, ku je wurin shugabanku tare, a nema masa hutun rashin lafiya ko sassaucin lokacin shigowa. In shugaba ya amince, makararsa ba laifi ba ce. In kuma abokin naka bai ba ka izini ba, sirrinsa amana ne a wuyanka.

Masu cewa rashin tawakkali ne su ji tsoron Allah. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda aya ta 84 a Suratu Yusuf ta faɗa, kuma shi ne mai cewa "haƙuri mai kyau". Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Abin da shari'a ta hana shi ne fushi da ƙaddara, da kururuwa, da yaga tufafi. Nana A'isha (RA) takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wani kunu mai laushi, saboda ta ji Manzon Allah (SAW) ya ce tana kwantar da zuciyar majinyaci, tana rage baƙin ciki. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ka ga an nemi sauƙin baƙin ciki ta hanyar jiki ke nan. Wani masani Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke tasowa daga jiki yana buƙatar magani. Ruƙiyya da ganin likita ba kishiyoyi ba ne. Gorin da ake masa yana iya sa ya ɓoye ciwonsa, kuma abin da nake tsoro ke nan.

Wata 8 babu ci babu kuzari ya isa a ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ka raka shi da ƙafarka. In ka taɓa jin ya ce gara ya mutu ya huta, kada ka bar shi shi kaɗai, ka sanar da danginsa a ranar. Wannan ba ya cikin sirrin da ake riƙewa.

Kai ma kada aikin mutum biyu ya karya ka. Ka samu wani amintacce ku raba. Lokacin cin abinci ka ja kujera kusa da shi, ko ba za ku yi magana ba.

Allah ne mafi sani.