Amsoshin Tambayoyinku: An Yanke Mini Hukunci Ban Sani Ba, Ga Kuma Takardar Kamu

Tambaya: Salamu alaikum. Na ɗauki taki bashi a hannun wani dila daminar bara, saura naira miliyan uku ban cika ba. Ina Mai'adua cin kasuwa iyali suka bugo waya cewa ma'aikatan kotu sun zo da takardar kamu, wai Babbar Kotu ta yanke mini hukunci tuntuni. Wallahi ko sammaci ban taɓa gani ba. Wani mutum a harabar kotun ya ce in ba shi dubu ɗari da hamsin ya ɓatar da fayil ɗin. In ba shi? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kwantar da hankalinka, maganarka tana da mafita, amma kada ka ba mutumin nan ko sisi. Ka samu lauya gobe da safe ya je wurin magatakardan kotun ya nemi kwafin fayil mai hatimi: takardar shigar da ƙara, bayanin da'awa, hukuncin, umarnin kamun, da takardar rantsuwar ma'aikacin da ya ce ya kai maka sammaci. Wannan ta ƙarshe ita ce zuciyar magana. Wa aka miƙa wa, a ina, wace rana? In an ce liƙawa aka yi a ƙofar gida, to ina umarnin alƙali da ya yarda a liƙa? Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma hukuncin da aka yi ba a isar wa mutum da sammaci ba, kotun da ta yanke shi tana da ikon soke shi da kanta.

Sai a dubi sa hannu. Tun 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu sai lauya mai suna a rajistar lauyoyi ya sa mata hannu, sunan ofishin lauyoyi kawai bai wadatar ba. In takardar da aka buɗe ƙarar da ita haka take, shari'ar ba ta da tushe, hukuncin da umarnin kamun duk su faɗi tare. Rashin tambarin ƙungiyar lauyoyi kuwa gyaruwa yake yi, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin babban makami.

Lauyan zai shigar da roƙo uku a tare: a ƙara maka lokaci in wa'adin neman soke hukuncin ya wuce (wa'adin na kwanaki ne, shi ya sa na ce gobe), a dakatar da zartar da hukunci da kamun, sannan a soke su. Ka faɗi gaskiya a takardar rantsuwarka: ranar da ka ji labari, inda kake, nawa ka biya, kuma ka haɗa da rasit ko shaidar turawa ta banki. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da kamu, sai an roƙi dakatarwa daban.

Yanzu bari in dawo kan mai ɓatar da fayil, don mutanen nan sun ishe ni. Kusan kowace harabar kotu akwai su, ƙarƙashin bishiya, da tsohuwar jaka da "ai alƙalin mutumina ne". Fayil ko ya ɓace, hukuncin yana cikin littafin alƙali, kwafinsa yana hannun lauyan mai ƙara, umarnin kamu kuma ya riga ya fita. Abin da ka saya da dubu ɗari da hamsin shi ne laifin ba da cin hanci a kan bashin taki. Sati biyu zai dawo ya ce "na sama" bai samu ba, a ƙaro hamsin. Kuɗin nan da ka kai wa dilan da ya rage maka nauyi, da ka ba lauya na gaske da an ga aiki a rubuce. Duk kuɗin da aka ce na kotu ne, ka karɓi rasit na gwamnati. Duk wanda ya ce shi lauya ne, ka ga cikakken sunansa da lambarsa a tambarin da ya manna, ka kuma san ofishinsa da ƙafarka. Mutum zai yi awa guda yana jujjuya buhun taki kada a sayar masa da jabu, amma ya miƙa wa baƙo damin kuɗi a gindin darbejiya ba ko takarda.

Abu ɗaya kuma da ba za ka so ji ba: soke hukunci ba yafe bashi ba ne. Dilan zai iya gyara takardunsa ya sake shigar da ƙara. Ka yi amfani da wannan sararin ku zauna, a rubuta yadda za ka riƙa biya, a kai kotu ta amince da sulhun.

Tambaya: A sammacin ƙarar bashi da aka kawo mini an rubuta sunan mahaifina ba daidai ba, harafi ɗaya ya canza. Abokina ya ce kada in je, shari'ar ta mutu. Daga Dutsin-Ma.

Amsa: Abokinka zai raka ka gidan yari? Kai aka miƙa wa, ka san bashin, ka san mai shi. Kuskuren harafi alƙali zai ba da izinin gyara shi cikin minti biyar. Ka je kotu.

Tambaya: Na sayi kurkura (babur mai ƙafa uku) kan biya kaɗan-kaɗan, injin ya buga, na yi wata biyu ban kai ba. Mai ita ya ce zai sa 'yan sanda su rufe ni. Daga Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana 'yan sanda kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Amma in ka sayar da kurkurar ko ka ɓoye ta alhali ba ka gama biya ba, maganar ta tashi daga bashi ta koma cin amana. Ka duba takardar da ka sa wa hannu, yawancinsu sun ba mai kaya damar ƙwacewa, abin da ka biya kuma ya tafi a kuɗin haya. In ba ka da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofishi a Katsina.

Tambaya: Kotun shari'ar Musulunci ta ce maigidana ya biya bashi, ma'aikata suka zo suka rubuta firji da kujeru da keken ɗinkina. Kayan aurena ne, iyayena suka yi mini. Kuma alƙalin bai bari ya kawo shaidunsa ba. Ba na iya barci. Daga wata baiwar Allah, Daura.

Amsa: Allah Ya yaye, Hajiya. Kayanki ba sa biyan bashin miji, sai in kin tsaya masa a rubuce. Ki kai wa magatakarda takarda cewa kayan naki ne, da rasit in akwai, in babu ki zo da waɗanda suka yi jere. Ki hanzarta kafin a sa ranar gwanjo, don karɓo kaya daga hannun wanda ya saya wahala ne. Shi kuma maigida ya nemi kwafin shari'ar a duba i'izari, wato ko alƙali ya tambaye shi kafin hukunci in yana da sauran hujja. A mazhabar Malikiyya rashin i'izari yana rushe hukunci, kuma kotunan sama suna soke shari'u a kan haka. Ya ɗaukaka ƙara kafin kwana 30 su cika, a ranar kuma ya roƙi a dakatar da gwanjon.