Tambaya da Amsa: Me Ya Sa 1 << 32 Ke Ba Da Amsa Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, kuma aikina na kammala karatu shi ne rubuta ƙaramin kompaila, wato manhajar da ke fassara abin da aka rubuta da yaren kwamfuta zuwa umarnin na'ura. Na gwada wani ɗan shiri na C mai karɓar lamba n, sannan ya buga 1u << n. Da na saka 32, laftof ɗina ta ba ni 1, amma ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta abokina mai tsarin bit 32 ya ba da 0. Wanne ne daidai, kuma wanne zan bi a nawa kompailan? Daga ɗalibinka, Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar kammalawa. A dokar C babu mai gaskiya a cikinsu, babu kuma mai laifi. Abin da shirinka ke yi shi ne gusar da bit ɗin lambar 1 zuwa hagu sau n, bit kuwa shi ne kowane 0 ko 1 da kwamfuta ke rubuta lamba da su. Ƙa'idar yaren ta ce idan adadin gusarwa ya kai faɗin lambar ko ya wuce, ko ya zama ƙasa da sifili, to ba ta ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya ba. Lambarka mai bit 32 ce, ka kuma gusar da ita sau 32, don haka kowace na'ura ta yi abin da aka ƙera ta ta yi.

Furosesar laftof ɗinka ta gidan x86 ce. Umarninta na gusarwa hagu, wato SHL, ba ya duban adadin gaba ɗaya, bit biyar na ƙasa kaɗai yake ɗauka idan lambar mai bit 32 ce, shida kuma idan mai bit 64 ce. Bit biyar na ƙasa a cikin 32 duk sifili ne, saboda haka ba a gusar da komai ba, 1 ɗinka ya dawo yadda yake. Kamar agogon bango ne: ƙara awa 12 a kan ƙarfe uku, allura na nan kan uku. Da can ba haka abin yake ba. Intel 8086 ta 1978 tana bin adadin da ke cikin rajistar CL, wata ƙaramar ma'ajiya a cikin furosesa, har 255, ɗaya bayan ɗaya, sai a zamanin 80286 ta 1982 aka rage shi zuwa bit biyar don kada umarni guda ya ci dogon lokaci. ARM mai bit 32 kuwa, wato tsarin da Pi ɗin abokinka ke kai, bit takwas na ƙasa take karantawa, shi ya sa 32 ya share komai ya bar sifili. Ka ce wa abokinka ya saka 256, zai ga 1 ya fito. Idan ya ɗora wa Pi ɗin tsarin bit 64, in dai irin wanda ke iya ɗauka ne, amsarsa za ta koma irin taka, domin AArch64, wato ARM mai bit 64, tana yanke adadin kamar x86. Haka ma furosesoshin gidan RISC-V.

Masu tsara C sun bar wannan giɓi ne da gangan, don << ya zama umarni ɗaya tak a kowace na'ura. Kai kuma da kake ƙirƙirar yare, kai ne za ka yanke hukunci, kuma a rubuce, kafin sashen ƙarshe na kompailanka ya fitar da ko layi ɗaya na umarnin na'ura. Duk inda dokar yarenka ta saɓa wa halin furosesa, wannan sashen ne zai biya da ƙarin umarni.

Dubi yadda wasu suka yi. Java ta ce a yi wa adadin AND da 31 idan int ne, da 63 idan long ne, wato a ɗauki bit biyar na ƙasa kaɗai ga lamba mai bit 32, shida ga mai bit 64. A kan x86 wannan kyauta ne, tunda na'urar na yin hakan da kanta, kuma kompaila mai hankali yana jefar da AND ɗin. A kan ARM mai bit 32 dole a rubuta shi. Go ta bi wata hanya: gusarwar da ta kai faɗi ko ta wuce tana ba da sifili, ko -1 idan lamba ce ta ƙasa da sifili aka gusar dama. To a nan x86 ce ke biya, domin bayan SHL sai kompailan ya ƙara CMP da SBB da AND don ya share sakamakon in adadin ya yi yawa. Rust tana tsayar da shirin a lokacin gwaji, a sigar fitarwa kuma ta yanke adadin. Ni dai shawarata ga aikin ɗalibi ita ce hanyar Java. Tana da sauƙin bayani a gaban malaman da za su yi maka tambayoyi, WebAssembly ma ita ta ɗauka, kuma ta dace da x86 da AArch64 da RISC-V ba tare da ƙarin komai ba. Amma idan ta LLVM kake bi, wato kayan aikin da kompailoli da yawa ke miƙa wa fitar da umarnin na'ura, kada ka ce na'ura za ta yanke maka. A wurin LLVM, umarnan gusarwa shl da lshr da ashr masu adadin da ya kai faɗi suna ba da gurɓatacciyar ƙima, wadda sashen gyare-gyare ke da damar mayarwa duk abin da ya ga dama. Rubuta AND ɗin a fili, in babu buƙatarsa shi zai cire.

Abin da zai fi ba ka ciwon kai a x86 shi ne CL. Idan adadin ba tsayayye ba ne, tsohon SHL ba ya karɓarsa daga ko'ina sai wannan rajista. Ke nan mai rabon rajistoci a kompailanka dole ya kwashe duk abin da ke zaune a RCX, babbar rajistar da CL ke cikinta, ya ajiye shi wani wuri, ya zuba adadin, sannan ya gusar. Ga wani tarko kuma: idan adadin sifili ne, SHL ba ya taɓa tutocin furosesa, wato bit ɗin da ke nuna yadda lissafin ƙarshe ya fito, don haka kada ka jingina tsalle a kansu, ka sa TEST naka. Tun 2013, da fitowar furosesoshin Intel na Haswell, akwai SHLX da SHRX da SARX waɗanda ke karɓar adadi daga kowace rajista kuma ba ruwansu da tutoci. Sai dai ba kowace tsohuwar laftof ɗin da ke hannun ɗalibai ce ta san su ba, don haka ka fara da CL tukuna.

Gusarwa dama iri biyu ce. SHR tana cike gurbin da sifili, SAR tana kwafar bit ɗin alama, wanda ke nuna ko lambar ta gaza sifili. Nau'in lambar ne ke zaɓar wadda za a fitar. A nan ne masu ɗokin sauri ke tuntuɓe, su ce raba lamba da 2 daidai yake da gusar da ita dama sau ɗaya. Ga lamba marar alama gaskiya ne. Amma a C, -7 / 2 yana ba da -3, alhali SAR tana ba da -4, domin rabawa na karkata wajen sifili, gusarwa kuma na gangarawa ƙasa. Shi ya sa kompailolin C irin su GCC da Clang, idan za su raba lamba mai alama da 8, suke ƙara mata 7 in ta gaza sifili, sannan su gusar sau uku. Ka buɗe shafin intanet na Compiler Explorer ka rubuta x / 8 da zaɓin gyare-gyare na -O2, za ka gani da idonka.

Idan lambar ta fi rajista faɗi, misali bit 64 a na'ura mai bit 32, sai a raba ta gida biyu. SHLD na zubo bit daga rabin ƙasa zuwa na sama, sannan a duba ko adadin ya kai 32 don rabin ƙasa ya haura sama, a cike gurbinsa da sifili. A wasu na'urorin GCC kan miƙa aikin ga __ashldi3, wani ɗan shiri da ke cikin ma'ajiyarsa ta libgcc. Ƙaramin allon lantarki na Arduino Uno ya fi kowa wahala: furosesarsa bit ɗaya take gusarwa a kowane umarni, don haka adadin da ba tsayayye ba yakan zama zagaye, kuma int ɗinsa bit 16 ne, wato 1 << 20 ma ya riga ya fita daga doka sai an rubuta 1UL.

Sai kuskuren da na fi so ka yi hattara da shi. Kompailanka zai so ya lissafa 1 << 32 tun lokacin fassara, tunda duka lambobin sanannu ne. Idan da C ka rubuta shi, ka kuma sa a << b kai tsaye a wannan sashen, to halin laftof ɗinka ya shiga yarenka ke nan, kuma amsar lokacin fassara na iya saɓa wa ta lokacin aiki. Rubuta dokarka a fili a can ma. Sannan ka gwada adadi 0, 1, 31, 32, 33, 64, 255 da 256 a kan 1 da -1 da -7, sau ɗaya a matsayin tsayayyun lambobi, sau ɗaya a matsayin abin da aka shigar lokacin aiki, ka tabbatar amsoshin sun zo ɗaya. Shi kansa kompailan ka haɗa shi da -fsanitize=shift, wanda GCC da Clang duka suka sani, zai nuna maka layin da adadi ya wuce gona da iri.