Tambayoyinku: Wuƙaƙen Sallah, in yi oda ko in shiga kasuwa?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nakeso. Babbar Sallah ta matso kuma bana a gida zamu yi aikin naman layya, maigida ya bani kuɗin wuƙaƙe. Naga wasu a Instagram guda 6 harda almakashi, kyau kamar me kuma ba tsada, shine nace ko in yi oda kawai tunda kinsan Legas, goslo kaɗai sai ya cinye miki yini. Ko dai in daure in fita?
Daga wata mai karatu, Agege

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Ki daure ki fita, wallahi da zuciya ɗaya nake faɗa miki. Akwai kayan da nima oda nakeyi ban damu ba, amma wuƙa sai hannu ya riƙe ta kafin a san ko ta aiki ce, hoto baya nuna nauyi, baya nuna ko ƙota tana girgiɗi. Ni na taɓa yin odar irin waɗannan, ranar da na ɗora babbar akan cinyar kaza na danna sai ƙotar roba ta rabu biyu a hannuna, ashe ƙarfen da ke ciki bai kai tsawon ɗan yatsa ba, gam ne kawai ya riƙe shi, Allah ne ya tsare ban yanke ba, kuma wadda ta sayar min tun daga ranar bata ƙara ɗaga wayata ba.

To in kinje shago abu na farko ki juya wuƙar ki kalli ƙotar. Mai kyau zaki ga ƙarfen ya ratsa ta har ƙarshe, an dake shi da ƙusoshi 2 ko 3, ki girgiza ki ji ko akwai motsi. Sai ki ɗaga ta saitin idonki ki kalli bayanta tun daga ƙota har tsini, in ta karkace ki ajiye. Ki riƙe ta kamar zaki yanka albasa, hannunmu mata ba ɗaya bane da na mahauci, wata wuƙar tana da kyau amma minti goma zaki yi da ita tsintsiyar hannunki ta fara ciwo. Kaifi kuma ki nemi takarda ki gwada a gaban mai shago, in ta wuce salin alin to, in tana yaga takardar ki ce ya kawo wata.

Sannan bakya buƙatar guda 6. Ɗaya madaidaiciya ta yankan nama, ƙarama ta fiɗa, sai adda ko gatari na sara ƙashi, kar ki kuskura ki sara ƙashi da wuƙar yanka, bakin ne zai ɓalle. Wadda za a yanka ragon da ita kuma ita ce ba a wasa da ita, Annabi (SAW) ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, ina amfanin wuƙar da zata iso ana gobe Sallah ki tarar a dakushe.

Ki tambaya kuma wane ƙarfe ne. Ta maƙera, ta baƙin ƙarfe, tafi ɗaukar kaifi kuma da kin goga a dutse ta dawo, sai dai iskar Legas akwai laima, ki barta da ruwa dare ɗaya da safe ki ganta ja da tsatsa, dole kina gamawa ki wanke ki goge ki shafa mata man gyaɗa. Ta silba bata cika tsatsa ba amma mai arahar ciki saurin dakushewa gareta.

Ke da kike Agege ma ai kin huta, ba sai kin ƙetara zuwa kasuwar Idumota ko ta Balogun ba. Ga mayankar Oko-Oba kusa dake, 'yan uwanmu mahauta sun cika wajen, ki sa maigida ya tambayi wanda kuke sayen nama gunshi inda yake sayen tashi da wanda yake wasa masa. In kun saya ki haɗa da dutsen wasawa, a naɗe miki bakin da kwali a ɗaure sosai kafin ki sa a jaka ki shiga motar haya ta danfo, ki karɓi rasit in suna bayarwa saboda masu bincike a hanya. Allah ya kaimu Sallah lafiya.