Tambayoyinku: manhajar zana aiki da gwada shi a kwamfuta kafin a kashe kuɗi

Tambaya: Malam, ina da shagon sari na shinkafa da sukari da mai a Maradi. Kullum layi ne a wurin biyan kuɗi, masu saye suna fushi. Yarona ya ce akwai manhajar da ke nuna inda aiki ke tsayawa. Gaskiya ne? (Daga wani Alhaji, unguwar Zariya)

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji, amma manhajojin iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai masu zana aiki kawai: wa ke karɓar mai saye, wa ke rubuta takarda, wa ke karɓar kuɗi, wa ke fito da kaya daga sito. Akwai kuma masu kwaikwayon aikin, su turo masu saye na ƙarya ɗaruruwa cikin zanen, su lissafa minti nawa kowa ya jira da yadda kowane yaro ya sha aiki. Irin na biyu kake buƙata.

Tsarin zanen da aka fi amfani da shi sunansa BPMN. Ƙungiyar Object Management Group ce ke kula da shi, kuma siga ta 2.0 ta fito a 2011. Alamominsa na yau da kullum kaɗan ne: da'ira mai siririn baki ita ce farkon aiki, mai kaurin baki ƙarshensa, akwati aiki guda, murabba'in da aka tsayar kan kusurwarsa kuma mararraba, misali wannan zai biya hannu da hannu, wancan bashi ne. Kowane ma'aikaci ana ware masa nasa fili a kwance, a zuba ayyukansa ciki.

Sai dai kafin a taɓa kwamfuta, a ba yaro littafi da agogon waya. Ya rubuta lokacin da kowane mai saye ya iso, lokacin da aka fara sallamarsa, da lokacin da ya tafi, tsawon mako guda aƙalla, ranar kasuwa daban, sauran ranaku daban. Duk manhajar da aka cusa wa lokacin da aka cinta da ka, amsar banza za ta bayar, kuma ta bayar da ita cikin kyakkyawan jadawali da zai sa a yarda.

Tambaya: Na zana aikin wani kanti a Bizagi Modeler. Mai saye na zuwa duk minti 6, ana sallamarsa a minti 5. Manhajar ta ce babu mai jira ko kaɗan, alhali a kantin layi har waje. Ina matsalar? (Daga wata ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo)

Amsa: Malama, kin sa lokutan a tsaye ne, ba sa canzawa. In kowa zai zo daidai bayan minti 6 a kuma sallame shi daidai a minti 5, ai ba wanda zai jira. Mutane kuwa ba haka suke zuwa ba: uku su shigo tare bayan sallar La'asar, sannan a yi minti ashirin ba kowa. A wurin sa lokaci, ki zaɓi rabon da ake kira exponential, ki ba shi matsakaicin 6 na isowa da 5 na sallama.

Ga abin da lissafin layi ya nuna idan duka biyun suna canzawa haka. Mai sallama yana kan aiki kashi 83 cikin 100 na lokacinsa, matsakaicin jira kuma ya kai minti 25 in aikin ya daɗe yana gudana. A rage sallamar zuwa minti 4, jiran ya faɗo zuwa minti 8. A bar ta a minti 5 a ƙara mutum na biyu kan layi ɗaya, jiran ya koma kusan minti 1. Wannan ne ya sa nake damuwa in na ji mai kanti na cewa yaronsa na samun hutu, don haka aikin bai yi masa yawa ba. Ɗan hutun nan shi ke shanye cunkoso in ya taso, kuma da zarar ya ƙare layin yakan yi tsalle ne gaba ɗaya.

Ki duba abu biyu kuma. Kason da kika raba a kowace mararraba dole ya haɗa 100. Sannan in kin raba hanya da mararraba mai alamar X, wato ɗaya daga ciki kawai za a bi, kada ki haɗe ta da mai alamar +, domin ita tana jiran dukkan hanyoyin su iso, sai aikin ya maƙale a nan har abada.

Tambaya: Kwamfutata tsohuwa ce, intanet na tsada, wuta kuma ba tabbas. Wace manhaja zan iya? (Daga wani mai kula da sito, unguwar Ali Dan Sofo)

Amsa: In zane kawai kake so, draw.io na da sigar da ake saukewa sau ɗaya a yi aiki ba intanet, haka ma Camunda Modeler, duk kyauta. In kwaikwayo ne, JaamSim kyauta ce. AnyLogic na da siga ta koyo wadda ba a biya, amma sharaɗinta koyo ne, ba aikin kasuwanci ba.

Ni dai shawarata ka fara da Excel da ke cikin kwamfutarka, domin kwaikwayon layin jira guda ba ya buƙatar fiye da ginshiƙi shida. A ginshiƙin A, tazarar isowa: =-6*LN(ALEA()), in Excel ɗinka na Turanci ne ka sa RAND a madadin ALEA. A B, lokacin isowa: B na sama a haɗa da A. A C, tsawon sallama: =-5*LN(ALEA()). A D, lokacin fara sallama: MAX na B da E na layin sama, domin ba a fara da mutum sai ya iso kuma an gama da na gabansa. A E, D a haɗa da C. A F, D a cire B, shi ne jiran. A layin farko kawai, D daidai yake da B. Ka ja lissafin ƙasa zuwa layi 1000, ka ɗauki matsakaicin F.

Duk lokacin da ka danna F9 amsar za ta canza, wani lokaci da yawa. Ba lalacewa ba ne. Ka danna sau 20 ko 30, ka rubuta kowace amsa, ka duba matsakaicinsu da mafi muni a ciki. In kuma sitonku na rufewa da dare ya wayi gari ba layi, ka taƙaita layukan Excel ɗin zuwa yawan motoci ko masu sayen yini guda, in ba haka ba lissafin zai zarce abin da kuke gani.

Tambaya: Za a iya duk wannan a waya?

Amsa: Ɗaukar lokuta da lissafin ginshiƙan nan, e, Google Sheets ko Excel na waya za su yi. Zanen BPMN a ƙaramin allo wahala ce kawai, kuma JaamSim da Bizagi Modeler na kwamfuta ne. A zana a takarda tare da ma'aikatan da ke yin aikin, a ɗauki hotonsa, sannan a kwafa in an samu kwamfuta.