Makin ƙasa ba halin ma'aikaci ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan sadarwa a wani kamfani da ma'aikatansa suka fito daga ƙasashe huɗu. Na lura ƙananan ma'aikata ba sa buɗe baki a taro, sai na danganta hakan da makin tazarar iko na Hofstede, wato makin da ya ba kowace ƙasa kan yadda mutanenta suka yarda da fifikon shugaba a kan mabiyi. Malamin da ke duba aikin ya soke min babi na huɗu gaba ɗaya, ga shi saura wata biyu in kare kundin. Hankalina ya tashi. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, bayanan da kika tattara suna nan lafiya. Fassarar da kika yi musu ce ta karkace, kuma malaminki yana da gaskiya.

Kusan kullum sai an kawo min wannan kuskuren, har na gaji da maimaita magana. Geert Hofstede, masani ɗan ƙasar Holland, ya ɗauko alƙalumansa ne daga takardun tambayoyi kimanin 116,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cike tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da littafinsa a 1980. Makin da kika gani matsakaicin amsoshin ƙasa guda ne. Ba ya gaya miki komai a kan mutumin da ke zaune a ƙarshen tebur yana wasa da biro. Shi kansa Hofstede ya yi gargaɗi kada a ɗauki makin ƙasa a liƙa wa mutum ɗaya, amma wa ya saurara? Ki duba ma yadda aka yi da Afirka ta Yamma: Ghana da Najeriya da Saliyo aka cusa a buhu ɗaya aka ba su maki guda. A 2002 wani masani, Brendan McSweeney, ya yi wa aikin Hofstede kaca-kaca, yana tambayar ta yaya ma'aikatan kamfani ɗaya za su tsaya a madadin al'umma sukutum.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne 'yan ci-da-horaswa, masu yawo ofis-ofis da taswira mai launi-launi. Cikin awa biyu za su sanar da manajoji cewa mutanen ƙasa kaza ba sa cewa a'a, na ƙasa kaza kuma ba su da kunya, su karɓi kuɗinsu su kama gabansu. Washegari manaja ya daina tambayar ma'aikacinsa ra'ayi, tunda an ce masa "al'adarsu ce". Tsohuwar wariya ce aka sa mata rigar ilimi, ɗalibai kuma suna kwafa saboda akwai lambobi a ciki, lamba kuwa tana da kwarjini a kundi. Haka ake yi wa wani masanin, Edward Hall, da rabe-raben al'adu da ya yi a 1976 tsakanin masu magana a fili da masu magana a sakaye, sai ka rantse wahayi ne.

Koma kan shirun nan. Da wane harshe ake taron, kuma harshen uwar wa ne a cikinsu? Masu shirun ma'aikatan dindindin ne ko 'yan kwantiragin wata shida da ke jiran sabuntawa? Me ya sami wanda ya taɓa musanta wa shugaba a bainar jama'a? Sau da yawa wanda ya yi gum a ɗakin taro, da an fito sai ki same shi a bakin matakala yana zazzaga bayani, ko ya tura dogon saƙo ta WhatsApp. Wannan ai ba shiru ba ne, ya zaɓi inda maganarsa ba za ta jawo masa wahala ba.

Wata biyu sun isa. Ki yi hira da mutum goma zuwa goma sha biyar, ɗaya bayan ɗaya, ba a ofishin shugaba ba. In kin fassara tambayoyin, ki ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da su harshen farko, ki gwada ki ga inda ma'ana ta zame. Hofstede ya zauna a babi na biyu tare da masu sukarsa. Babi na huɗu kuwa ki gina shi da abin da ma'aikatan suka faɗa da bakinsu, sannan ki kai wa malaminki shafi biyar na farko kafin ki ci gaba.